Ƙwan Fitilar Ƙarshe

Ranar sadakar uku ta wani maƙwabcinmu a Gidan Igwai, bayan la'asar, jama'a sun ragu, saura mu 'yan unguwa a kan tabarmi. Wayar mamacin na hannun babban ɗansa, yana ta juya ta. Tun ranar da aka kai shi makwanci ba wanda ya iya buɗe ta, domin da fuskarsa ya kulle ta, lambar sirrin kuma ya tafi da ita. Duk wanda ya ɗaga ta, sai ta kalle shi ta ƙi. A cikinta akwai lissafin masu bin sa bashi da waɗanda yake bi, shi ya sa hankalin yaron ya ƙi kwanciya.

Daren nan ɗan ƙanwata, mai karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya miƙo mini tasa wayar. "Kawu, diba wanga abu." Bidiyo ne na wani ɗaki mai duhu, an rataya ƙwayayen lantarki a rufinsa sahu-sahu, kowane yana kunnuwa yana mutuwa da nasa kiɗan, babu biyu da suka zo daidai.

Aikin wani mai fasaha ne ɗan ƙasar Meziko, Rafael Lozano-Hemmer, wanda ilimin sinadarai ya fara karantawa kafin ya koma wannan sana'a. Sunan aikin Pulse Room, wato ɗakin bugun zuciya, kuma a garin Puebla aka fara kafa shi a 2006, da ƙwai ɗari. A bakin ɗakin akwai mariƙin ƙarfe biyu. Mai kallo zai kama su da hannuwansa, na'ura ta ɗauki bugun zuciyarsa, sai ƙwan da ya fi kusa da shi ya fara walƙiya daidai da bugun. Mutum ya tsaya yana kallon zuciyarsa a waje, abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Idan ya saki, wani ya kama, sai nasa bugun ya matsa zuwa ƙwai na biyu, kowa a sahun ya gusa taki ɗaya.

Na ce da yaron, "To na can ƙarshe fa, ina shi ka zuwa?" Ya ce, "Babu, Kawu. Shi ke nan, ya fita."

Na jima ban ce komai ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, mun sha faɗa a majalisa muna dariya. Ban taɓa ganin an gina ta da waya da gilashi ba. Mutum ɗari kawai ɗakin ke riƙewa. Ranar da 'yan kallo suka yi yawa, wanda ya shiga da hantsi ba zai kai azahar ba. Mai aikin ya faɗi inda tunanin ya samo asali: sautin zuciyar tagwayensa da ya ji a asibiti tun suna ciki, da kuma wani tsohon fim na ƙasarsu, Macario, na 1960, inda aka nuna kogo cike da kyandir, kowane kyandir ran mutum guda, wani dogo, wani saura ƙiris.

Zuciyar baligi tana buga kamar sau 70 a minti ɗaya, wajen sau 100,000 ke nan a yini da dare. Wanda Allah ya ba shekara 70 ya yi sama da biliyan biyu da rabi. Adadin yana da yawa a baki, amma adadi ne, yana da na ƙarshe, kuma ba a taɓa mayar wa kowa ko ɗaya ba. Tun da ka fara karanta shafin nan ka kashe fiye da ɗari.

Yaron ya ga na nutsu, sai ya ƙaro wani. A birnin Balin na Jamus, a 2008, wasu masu fasaha uku, cikinsu har da Julius von Bismarck, sun kafa wata ƙatuwar fuska ta fitilu a saman wani tsohon rumbun gas. Kyamara na ɗaukar fuskokin masu wucewa, manhaja ta auna su, sai bakin fuskar ya yi murmushi ko ya turɓune, wai ga halin da gari yake ciki. Wannan bai burge ni kamar na farko ba, kuma ina da dalili.

Masu irin wannan manhaja sun jingina ne da binciken Paul Ekman, Ba'amurken da ya ce akwai yanayi shida da fuskar ɗan Adam ke nunawa iri ɗaya ko'ina a duniya: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro, mamaki da ƙyama. Mu ma muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to amma wanda ya san mai fuskar ake nufi ya tambaya. Da za a kafa kyamarar nan a zauren makokinmu, me za ta rubuta? Mahaifiyar mamacin tsohuwa ce mai fillanci, kuma ɗan fari ne ta rasa, wanda ko sunansa ba ta taɓa kira ba saboda kunya. Matan gidanmu da suka shiga gaisuwa sun ce ko hawaye ba su gani ba. Ana cewa "Inna, ya haƙuri?" tana cewa "Da godiya," tana tambayar ko an ba baƙi ruwa. Na'ura za ta ce lafiya lau take. Masana ma sun gano haka: a 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta suka bi bincike masu ɗimbin yawa, suka ce motsin fuska ba hujja ba ce mai ƙarfi a kan abin da ke ciki. A 2022 kamfanin Microsoft ya janye sashen karanta yanayin zuciya daga manhajarsa ta gane fuska, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kuma ta hana amfani da shi a makarantu da wuraren aiki.

Shi ya sa na fi yarda da ɗakin ƙwayayen. Bai ce ya san me kake ji ba. Abu ɗaya ya auna, cewa kana da rai a wannan daƙiƙa, sannan ya nuna maka sahun da kake ciki.

Wasu sun so su hana sahun gusawa. Christian Boltanski, Bafaranshe, ya fara tattara sautin zuciyar mutane a 2008, aka gina musu ma'ajiya a tsibirin Teshima na Japan a 2010, a bakin teku. Dubban mutane sun ba da nasu. Mutum kan yi doguwar tafiya ya sa abin saurare a kunne, ya ji zuciyar wani nasa da ya riga shi. Boltanski ya rasu a Faris ranar 14 ga Yuli, 2021. Ban ga laifin mai kewa ba, amma wannan sauti kamar sawun raƙumi ne a rairayi: yana gaya maka ya wuce ta nan, ba ya ɗaukar maka kaya.

Mu Sakkwatawa ba baƙin wannan darasi ba ne. Daga unguwarmu zuwa Hubbare ba wata tafiya ba ce, kuma Shehu Usmanu yana kwance a can tun 1817. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya gina garin nan, ya bi shi a 1837, kabarinsa na Wurno. Waɗanda suka yi wayo a 2006 suna tuna Lahadin 29 ga Oktoba, da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya hau jirgi a Abuja zai dawo gida, jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashi. An share fada ana jiran sa. Shekarar da aka kunna ƙwayayen Puebla ce, sai yanzu na lura.

Kuma mun ba na'urori jikinmu fiye da yadda muke zato. Banki ya ɗauki yatsunmu tun 2014, hukumar katin ɗan ƙasa ta ɗauki fuska, a zaɓen 2023 mun tsaya a rana na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. A rumfarmu, mutum nawa ne suka yi layin nan da mu, yau hotonsu na cikin rajista su kuwa suna ƙarƙashin ƙasa? Na fara ƙirgawa da yatsu a daren, na kai hannu na biyu na bari.

Wayar maƙwabcin nan har yau ba a buɗe ta ba. Masu gyara sun ce sai dai a goge komai, ɗan ya ce a dakata tukuna. Masu bin bashi sun zo da kansu an biya su. Waɗanda ake bi, biyu kawai suka zo. Marigayin ya saita ƙararrawa ƙarfe biyar saura kwata domin sallar asuba, kuma ana iya kashe ta idan ta yi ƙara, amma ba a iya cire ta sai an shiga ciki. Matarsa, da ke cikin takaba, ita ke sa wayar caji kullum da dare. Katangarmu ɗaya da su, ina jin ta.