Wanda Ya Gaji a Tsakiyar Dutse

Ƙarshen kaka, wajen watan Nuwamba, lokaci ne mai daɗin hawan duwatsun Shere da ke gabashin Jos. Ruwa ya ɗauke, duwatsu sun daina santsi, hunturu kuma bai yi ƙarfi ba tukuna. Garin Jos yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829. Tafiyar yini guda ce, amma yinin yana da iyaka. Wajen ƙarfe shida rana takan faɗi, duhu ba ya jira, sanyi kuma yana biye da shi.

Ƙaunatattu, a ce mutum goma suka tashi tare da asuba. Da rana ta take, saura kaɗan a kai sama, sai ƙafar mutum ɗaya ta ƙi. In an jira shi, lokaci zai ƙure, ba wanda zai ga ƙololuwa. In an wuce, an bar shi. Me ya kamata?

Kada mu yi saurin hukunta mutum taran nan. Sun biya kuɗin mota, wani ya roƙi hutu a wurin aiki, wata ta yi shekara tana ɗokin wannan rana. Asararsu gaskiya ce. Shi kansa wanda ya gajin, yawanci shi ke fara cewa, "Ku je, zan jira ku a nan." To, in mai abu ya yafe, ina laifi?

A nan nake da ja. Wannan magana sau da yawa kunya ce ta faɗe ta. Mutumin ya ga idanu tara a kansa, ya san shi ne ya zama kaya, sai ya faɗi abin da zai sauke masa nauyi. Mu kuma mukan yi maza mu karɓa, domin abin da muke so mu ji ke nan. Da ya ce, "Don Allah kada ku bar ni," da mun tsaya muna yi masa tambayoyi. Da ya ce mu tafi, ba wanda ya sake tambaya.

Ku kuma duba abin da aka bar shi da shi. Wanda ke tafiya jikinsa da ɗumi. Wanda ya zauna da rigar da gumi ya jiƙa, iska tana kaɗa shi, sanyi zai shige shi da wuri. Busasshiyar ciyawa ta rufe hanya, duwatsun sun yi kama da juna. In waɗanda suka hau suka sauko ta wani gefe, ko shi ya gaji da jira ya kama hanya shi kaɗai, magana ta zama ta neman mutum da tocila.

Sa'ad da Isuwa ya ce wa Yakubu su kama hanya tare, Yakubu ya ƙi sauri. Ya ce zai bi a hankali, daidai da ƙarfin yara da na dabbobi masu shayarwa, don in aka kora su da ƙarfi yini ɗaya kawai, garken zai mutu. Tun kafin a tashi ya auna tafiyar da mafi rauni. A ganina wannan shawara tun a gindin dutse ake yin ta: a sa mai nauyin ƙafa a gaba, a kuma tsai da sa'ar juyowa, ko an kai ko ba a kai ba. Shi ma mai raunin da nasa hakki. In gwiwa ta fara ciwo, ya faɗa da wuri, kada ya ɓoye sai an yi nisa.

Wani lokaci rabuwa takan zama dole. In haka ne, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a zuba ido a ga wa zai sadaukar. Mun san wanda yakan ce "ni zan zauna": mai tausayin nan ne da ya zauna bara. Wanda ya kira tafiyar, shi ya kamata ya zauna, a bar musu ruwa da rigar sanyi da tocila, a kuma faɗi ta inda za a sauko.