Zuwa Da Kai Ya Fi Aike

Akwai wata tambaya wadda ta kamata kowane mai hankali ya tsaya ya duba: shin mutum ya iya riƙon jama'a da adalci, alhali kuwa bai san halin da su ke ciki ba sai ta bakin wasu? Domin mu sami amsa, bari mu duba sarautar Magajin Gari, da labarin wani wanda ya riƙe ta a Katsina.

Magajin Gari shi ne hakimin cikin birni. A yawancin ƙasashen Turai, mai irin wannan aiki zaɓensa a ke yi, a Katsina kuwa Sarki ke naɗa shi. Ko ta wace hanya ya zo, wanda ya riƙe birni ba shi da wurin ɓuya. Rigimar kasuwa, da ta maƙwabta a kan magudanar ruwa, da kukan wanda aka yi wa sata, duk suna ƙofar gidansa tun da asuba.

An haifi Alhaji Usman Nagogo, ɗan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a shekarar 1905. A 1929 aka ba shi shugabancin 'Yan Dokan En'e, watau masu tsaron gari. A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari. Da mahaifinsa ya rasu a 1944, sai ya gaje shi, ya yi shekara 37 bisa gadon sarauta, har Allah ya yi masa rasuwa a 1981. Ka ga ke nan shekara 15 ya yi yana cuɗanya da mutanen birni, masu gaskiya da masu laifi, kafin ya zama Sarki.

Bai daɗe da hawa ba ya yi wani abu wanda ya isa a tuna. A sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu yana ci, samarin ƙasarmu suna can ƙasar Bama suna fama da Jafanawa cikin kurmi da ruwan sama. Da ya so, da sai ya sa malamin ofis ya rubuta musu takardar gaisuwa, ba kuwa mai ganin laifinsa. Amma ya ƙetare teku ya tafi da kansa, ya gan su, suka gan shi. Sojan da ya ga Sarkinsa a wannan uwa duniya ya tabbata ba a manta da shi a gida ba.

Watakila wani ya ce, ai ɗan sarki ne, gado ne ya kai shi. Gaskiya ne gado ya buɗe masa ƙofa. Amma lura da wannan: ɗansa Muhammadu Kabir Usman sai da ya yi Magajin Gari kafin ya zama Sarki a 1981, jikansa Abdulmumini Kabir Usman shi ma haka, kafin 2008. Watau gidan da ke da gadon ma ya ga bai kamata a ɗora wa mutum ƙasa ba sai ya ɗanɗani riƙon gari. Rawani a kan gaje shi, sanin jama'a kuwa sai an taka ƙasa.

Wani kuma ya ce, ai mun ga masu zuwa da kansu, ba mu ga amfanin zuwan ba. Wannan ma magana ce mai nauyi. A zamanin En'e akwai rangadin da ya zama wa talaka kaya, a sauka garinsa a ci kajinsa da hatsinsa, a tashi ba a ji kukansa ba. Irin wannan yana cikin abin da jam'iyyar NEPU ta yi ta kuka da shi tun kafa ta a 1950. Saboda haka zuwan da mu ke nufi shi ne na mai saurare, wanda zai koma ya yi aiki da abin da ya gani.

Me ya sa aike ba ya isa? Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ofis ya san yadda labari ke ramewa a hanya. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya rage ɗaci ya gaya wa hakimi, magatakarda ya rubuta cikin layi biyu. Kafin takarda ta kai gaban shugaba, gobara ta zama hayaƙi. Ba lalle ne wani ya yi ƙarya ba, kowa dai ba ya son ya zama mai kai mugun labari.

A 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e. Yanzu Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kowace tana da nata shugaba, nauyin da ke kansa kuwa bai gaza na Magajin Gari ba. Ƙasar nan ta masara da auduga ta sha wuyar 'yan bindiga. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan wajen kwana shida aka sako su. Manomin da ya bar gonarsa don tsoro, da uwar da ta kwana ba ta runtsa ba, ba su shiga cikin layi biyu na takarda.

To, ga amsar tambayarmu. Adalci ba ya yiwuwa sai da sani, sani kuwa ba ya cika sai da gani. Kai mai karatu, tun da Allah ya sa ka fita daga duhun jahilci, kai ma akwai naka. In mai neman shugabancin ƙaramar hukuma ya zo neman ƙuri'arka, tambaye shi inda iyalinsa ke kwana, da ranar da ya taka garinku ba lokacin zaɓe ba. In ya hau ya ɓace, ɗauki alƙalami ka rubuta masa, ku sa hannu ku da yawa, ku kai da kanku. Karin maganar nan ta hau shugaba, ta hau talaka.

Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.