Ina Iyakar Biyayya?

Karatu: Fitowa 1:15-21, Ayyukan Manzanni 5:27-29, Romawa 13:1-7

Manzo Bulus ya gargaɗe mu a Romawa sura 13 mu yi wa mahukunta biyayya, mu biya haraji, gama Allah ne ya kafa mulki. Amma a Ayyukan Manzanni sura 5, da majalisa ta hana manzanni yin wa'azi, Bitrus ya tsaya a gabanta ya ƙi, domin umarnin Allah ne a gaba. To, mai bi ya kama wanne? Idan doka ta zama sandar dukan talaka, shiru ne ibada, ko magana?

Tambayar nan ba baƙuwa ba ce a Lome. A farkon shekarun 1930 tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi, kuɗi ya yi wuya. Ana cikin haka gwamnatin Faransa ta ƙaro haraji, har a kan matan kasuwa. Ranar 24 ga Janairu 1933 aka kama mutum biyu daga shugabannin ƙungiyar Duawo, masu ƙorafi a kan harajin. Sai mata suka bar kayansu a kasuwa, suka yi ɗango zuwa fadar gwamna, suka ce sai an sake su. Aka kuwa sake su. Amma fushi ya riga ya tafasa. Taro ya faɗa wa gidajen waɗansu da ake ganin 'yan koren Turawa ne, aka yi ɓarna. Daga baya aka kawo sojoji daga Kodebuwa, mutanen gari suka sha azaba, har da waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Shekara 22 bayan haka, a birnin Montgomery na Amurka, doka ta ce baƙar fata ya zauna a bayan bas, ya kuma tashi idan farar fata ya rasa wurin zama. Ranar 1 ga Disamba 1955 wata tela mai suna Rosa Parks ta ƙi tashi, aka kama ta. Baƙaƙen garin suka daina shiga bas har kwana 381. Masu aikin gida da leburori suka riƙa takawa da ƙafa, da yamma kuma su cika majami'u suna addu'a. Jagoransu wani matashin fasto ne ɗan shekara 26, Martin Luther King. A watan Janairu 1956 aka jefa bam a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Jama'a suka taru a ƙofar gidan, waɗansu da makamai. Ya fito ya roƙe su su ajiye makaman su koma gida, ya tuna musu da koyarwar Yesu a kan ƙaunar magabta. A watan Nuwamba na shekarar kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar cewa wariyar nan ta saɓa wa tsarin mulki.

Matan Lome da mutanen Montgomery duka sun yi gaskiya da suka ƙi. Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran tsoron mutum biyayya ba. Fir'auna ya umarci Shifra da Fu'a, ungozoman Ibraniyawa, su kashe jarirai maza. Suka ƙi, domin suna tsoron Allah, Allah kuwa ya sa musu albarka. Bulus ɗin da ya rubuta Romawa 13, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, sai da mahukunta suka zo da kansu. Mai mulki bawan Allah ne domin kyautata wa jama'a. Ran da ya umarce ka ka yi mugunta, ko ka rufe ido ana yin ta, biyayyarka ta kai iyaka.

Sai dai ƙi ma yana da tasa iyakar, nan ne kuwa da yawa mukan yi tuntuɓe. Bitrus ɗin nan ya taɓa zare takobi a Getsamani ya sare kunnen bawan babban firist. Ubangiji ya sa ya mai da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen. Wanda aka zalunta yana da iko ya ce a'a, amma ba shi da iko ya ƙone gidan maƙwabci. In ka rama mugunta da mugunta, ka ba azzalumi hujjar da yake nema, raunana kuma su ne za su biya. Mai bi yakan ƙi a fili, bakinsa ba zagi, hannunsa ba dutse, a shirye yake kuma ya sha wuyar ƙin nan da kansa.

Akwai laifi na uku, wanda ya fi kusa da mu masu zuwa sujada. A 1963 King yana tsare a kurkukun Birmingham ya rubuta wa shugabannin addini takwas, fararen fata, waɗanda suka ce zanga-zangarsa ba ta zo a kan kari ba. Ba miyagu ba ne. Takalmin dai ba ƙafarsu yake matsa ba, shi ya sa haƙuri ya yi musu sauƙin faɗi.

Zongo unguwar baƙi ce tun asali. A 1977 aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome, aka mai da shi Togblekope a bayan gari ta arewa. Mutanen nan sun san zafin hukuncin da aka yanke ba a tambaye ka ba. Yau kuma fa? Yarinyar aikin da aka hana ta albashin wata uku, mai dakon da aka zage ta a kasuwa, ɗan zemijan da aka tatse shi a hanya, baƙon da ya zo daga Nijar bai san yaren gari ba: wa zai buɗe baki dominsu? Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Idan sai an taɓa ɗan ikkilisiya muke jin zafi, to, ba adalci muke ƙauna ba, kanmu muke ƙauna.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a makon nan ka bincike zuciyarka. Wane zalunci ne kake gani kullum ka yi shiru? Ka fara da wanda ke cikin gidanka ko shagonka. Sa'an nan ka je ka yi magana da ladabi, da gaskiya, ba da ƙiyayya ba.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, ka ba mahukuntanmu hikima da tsoronka. Ka ba mu zuciyar Shifra da Fu'a mu ƙi mugunta, ka ba mu halin Ɗanka mu ƙaunaci masu yin ta. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.