Wa Ya Saɓa Alkawari?

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari. An buɗe hanyarsa ta fari a 1863, ita ce kuwa irinta ta farko a duniya. Ɗaya daga cikin tashoshinta ana ce da ita Edgware Road. A 1907 wani kamfani dabam ya kawo tasa hanya, ya gina tasha kusa da waccan, ita ma aka sa mata wannan suna. Har wa yau suna nan su biyu, kowace da ƙofarta, babban titi ya raba su.

To, a ce abokai biyu, ɗan gari da baƙo, sun shirya za su sadu a bakin Edgware Road da ƙarfe huɗu. Kowa ya iso a kan lokaci, amma wannan ya tsaya nan, wancan ya tsaya can. Da aka yi rabin sa'a sai ɗan gari ya buga waya, ya ce, "Malam, ina ka shiga? Ga ni bakin ƙofa tun ɗazu." Baƙo ya ce, "Haba, aboki! Ni ma ga ni bakin ƙofa, ko ƙeyarka ban gani ba." Da suka gane abin da ya faru suka yi dariya, suka tafi suna gardama. Ɗan gari ya ce ai matambayi ba ya ɓata. Baƙo ya ce wanda ya sa wuri shi ke da laifi.

Mu fa, me za mu ce? Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuwa wanda ya makara. Duk da haka ba su sadu ba, saduwar kuwa ita ce dalilin alkawarin. Ashe magana ba ta gama aikinta sa'ad da ta fita daga baki, sai ta isa kunnen mai ji da ma'anar da aka nufa. A ganinmu kayan ɗan gari ya fi nauyi. Gama wanda bai san ƙofa biyu ce ba, ƙaƙa zai tambaya wacce? Wanda ya fi sani, shi ya kamata ya fi bayyanawa.

Amma akwai laifin da ya fi wannan, dukansu kuwa suna iya faɗawa ciki. Cikin rabin sa'ar nan, me kowa ya ke faɗi a zuciyarsa? Watakila ya riga ya yanke wa ɗan'uwansa shari'a, ya ce ba shi da alkawari, alhali kuwa yana can tsaye cikin sanyi dominsa. Waɗannan dai sun ƙare da dariya. Wasu da gaba su ke ƙarewa.

Mu ma haka ya kan same mu. Mutum ya ce zai biya bashi da kaka, yana nufin in an yanke dawa, mai kuɗi kuwa yana jira tun girbin gero. Daga nan sai zumunci ya ɓaci, ba kuwa macuci a cikinsu.

Sabo da haka, 'yan'uwa, in za mu yi alkawari mu faɗi wace ƙofa. In kuwa mun jira ba mu ga ɗan'uwanmu ba, kada mu yi saurin ba shi laifi. Mu tambaya tukuna ko yana tsaye a wancan gefen titi.