Tawakkali da Koyon Sana'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A Damagaram, matashi yakan gama jami'a ya zauna a fada, yana jiran aikin gwamnati ko na matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011. In an ce ya kai takardunsa ofishin ANPE, ko ya shiga horon walda ko ɗinki, sai ya ce ya dogara ga Allah. Shin wannan tawakkali ne?

Malaman tasawwufi sun bayyana cewa tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi kuwa aikin gaɓoɓi, ɗaya ba ya kore ɗaya. Annabi Dawuda (AS) sulke yake ƙerawa, yana ci daga guminsa.

Sau da yawa girman kai ne ke hana mai digiri tsugunawa gaban maigidan gareji, sai ya laƙaba masa sunan tawakkali. Muridin da ya koyi ladabi gaban shehinsa bai kamata ya ji nauyin zama yaron shago ba: ya yi shara, ya miƙa kayan aiki, ya yi haƙuri har a yaye shi, harshensa na zikiri, zuciyarsa na ga Mai azurtawa.

Allah Ya sanya albarka cikin neman halal, amin.