Haƙurin Na'ura da Aikin Mai Kula da Ita

Tun 1984 da kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da tsarin NFS, wanda ke ba kwamfuta damar jona rumbun fayilolin wata kwamfutar ta yi aiki da shi kamar nata, masu kula da na'urori ke fuskantar tambaya ɗaya: idan sabar da ke riƙe da rumbun ta yi shiru, me kwamfutar da ke jiranta za ta yi? Zaɓi biyu ne. Wanda ake kira hard yana sa ta yi ta maimaita buƙatarta ba iyaka har sabar ta amsa. Wanda ake kira soft yana sa ta gwada sau kaɗan, sannan ta janye, ta miƙa wa manhaja saƙon kuskure. Babbar manhajar Linux, na farkon take bi idan ba a umarce ta da wani ba. Ina ganin ta yi daidai, kuma hujjar tana cikin ma'anar amana.

Wanda ya adana fayil a rumbun nesa amana ya bayar, ya juya baya da yaƙinin an ajiye masa. Idan kwamfuta ta janye ana tsakiyar rubutu, ba kowace manhaja ce ke kula da saƙon kuskuren ba, sai mutum ya tafi da kwanciyar hankali alhali rabin aikinsa ya salwanta, ba zai gano ba sai ranar da ya buƙace shi. Kwamfutar da ta tsaya cik tana jira kuwa ta ɓata wa kowa rai, amma ba ta ce an gama abin da ba a gama ba. Da gangan aka gina NFS na farko haka: ko sabar ta mutu ta tashi, mai jira zai sake miƙa buƙatarsa, aiki ya ɗora daga inda ya tsaya. Wannan shi ne haƙuri na gaskiya, jure ɗacin jinkiri don kada a sayi sauƙi da ƙarya.

Mai suka zai ce jira marar iyaka mutuwar zuciya ce, domin ma'aikata na zaune, aiki ya tsaya, na'ura kuma ba ta gyara komai. Gaskiya ne ba ta gyarawa, amma gyara ba rabonta ba ne. Malamai sun daɗe suna raba tawakkali da sakaci: dogaro ga Allah ba ya ɗauke wa bawa riƙo da sababi. Jiran na'ura yana tsare amana ne kawai, binciken dalili kuwa yana wuyan mutum. Shi zai duba ko layi na aiki, ko sunan sabar na kaiwa ga adireshinta, ko katangar tsaro ta toshe ƙofa mai lamba 2049, ko sabar ta lissafa wannan kwamfutar cikin waɗanda ta yarje wa. Inda ake tantancewa da tsarin Kerberos, saɓanin agogo da ya wuce minti 5 kaɗai ya isa a ƙi jona rumbu. Kowace matsala da sababinta, kuma wanda ya naɗe hannu ya ce na'ura na haƙuri ya bar nasa wajibin.

Akwai inda janyewa ba ta da laifi, kamar rumbun da karantawa kawai ake yi, tunda babu rubutun da zai lalace. Abin gudu shi ne gaggawar da ke kashe alamar ciwo ta bar ciwon. Irinta ce ke sa wasu su sake buɗe SMB1, wani tsohon tsarin jona rumbu daban da NFS, don rumbu ya jonu nan take, alhali ta ɓarakarsa muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Wanda aka damƙa wa fayilolin jama'a abu biyu ake binsa tare: kada ya bari a yi musu ƙarya cewa an ajiye, kada kuma ya huta sai ya gano abin da ya hana ajiyewar.