Tawakkali da Baƙin Mai

A Katsina akan ga jif ƙirar Land Cruiser ta nufi ƙauyukan Jibiya tana keta rairayi, mai ita yana cewa ya dogara ga Allah, alhali ya daɗe bai yi juyen baƙin mai ba, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar iska har injin yana shan fetur kamar busasshiyar ƙasa. Shin wannan tawakkali ne, ko sakaci ne aka naɗa wa rawani?

Malamai sun daɗe da warware mas'alar, domin hadisin raƙumi da Tirmizi ya ruwaito, mai cewa a ɗaure raƙumi sa'an nan a dogara ga Allah, ya nuna cewa riƙo da sababi cikar dogaro ne. Igiyar raƙumin zamaninmu ita ce duba ruwan lagireto da iskar taya, wadda in ta ragu mota takan yi nauyi, mai ya ƙone a banza. Tun kuwa da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, wannan almubazzaranci ya daina ɓoyuwa ga aljihu. A ganina, wanda ya yi sake motarsa ta mutu a daji, sa'an nan ya ce ƙaddara ce, ya yi wa ƙaddara ƙazafi.